Minti Ukun Yaya

Litinin, 3 ga Maris
An liƙa takarda a tasha: daga ƙarshen Afrilu za a soke bas mai lamba tara. Ita kaɗai ke bi ta ƙofar asibiti, kuma a cikinta nake kai Baban yara wankin ƙoda sau uku a mako. Wai ba ta cika. To mu da ke ciki buhunan gawayi ne?

Laraba, 5 ga Maris
Wata siririyar yarinya ta shigo shago, na ɗauka ɗinki ta kawo. Ashe daga Haɗakar Unguwanni take. Masallatai, coci-coci, makanikai, iyayen 'yan makaranta, duk a inuwa ɗaya. Na ce ni ba ruwana da siyasa. Ta ce su ma ba su da jam'iyya, ba sa tsayar da kowa takara. "Rabin awa nake so, Mama, in ji abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya." Na ce babu. Sai ga ni ina hawaye a kan hannun rigar mutane. Ba ta yi min alkawarin komai ba, saurare kawai ta yi. Rabon da a saurare ni haka har na manta.

Asabar, 8 ga Maris
Na je gidan Yaya. Shi ne fa shugaban sashen sufurin da ya soke bas ɗin. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya saya min keken ɗinkina na farko. Ya ce, "Haba Auta, wannan ne ya tayar miki da hankali? Direbana zai riƙa kai ku." Na yi godiya sosai. Allah ya bar mana shi.

Lahadi, 16 ga Maris
Zaman Haɗaka a falon matar fasto. Mu goma sha biyu, kowa ya faɗi nasa. Mai sharar asibiti ta ce ƙarfe bakwai take kama aiki, in bas ta tsaya aikin ya tafi, ga marayu uku. Tsohon makanike ya ce matarsa da sanda take tafiya. Da aka zo kaina na kasa ambaton direba. Kunya.
Na ja Siririya gefe na gaya mata wane ne Yaya, na ce bari in lallaɓa shi a gida. Ta ce, "Abin da aka bayar a falo, Mama, a falo ake janyewa. A gaban jama'a muke so ya faɗa." Na ce to ta rubuta mana takarda, tunda ta yi karatu. Wai dokarsu ce, ba sa yi wa mutum abin da zai iya yi wa kansa. Ta ba ni haushi, yarinyar nan.

Talata, 25 ga Maris
Kwana tara muna ƙirga fasinjoji, muna karɓa-karɓa. Ashe sai da rana ne ba ta cika, lokacin da ma'aikatan sashen sufuri ke zuwa dubawa.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Gwajin babban taron da aka gayyaci Yaya da sauran manya. An raba aiki: mai shara ta ba da labarinta, makanike ya yi tambaya. Kowane babba minti uku ne nasa, in ya wuce a kaɗa ƙararrawa. Sai suka miƙo min ita, wai tela ba ta ƙara inci. Siririya ta ce ina iya ƙi, ba wanda zai ga laifina.
Tunda nake ban taɓa katse Yaya ba. Ko gishiri ya ce sukari ne, to nake cewa.
Na gaya wa Baban yara. Ya daɗe yana kallon kumburarrun ƙafafunsa, sannan ya ce, "Direban Yaya zai biya ya ɗauki mai shara?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ɗakin taron makaranta ya cika maƙil. Ana kiran kowace ƙungiya, mutanenta su miƙe a ƙirga. Ɗari huɗu da 'yan kai. Wakilan jam'iyyu biyu sun zo, kujera iri ɗaya aka ba su da ta kowa. Limaminmu ya gargaɗe mu, ba ihu, ba zagi.
Mai shara ta ba da labarinta har ƙarshe. Makanike ya karanta ƙidayarmu, ya ce, "Ranka ya daɗe, za ka bar lamba tara wata shida, ka zauna da mu mu duba? E ko a'a?"
Yaya ya ɗauko tarihin sashensu tun daga kafuwa. Na san shi, ko gabatarwa bai gama ba. Minti uku suka shige. Na kaɗa.
Ya waiwayo. Irin kallon da ya yi min ranar da na fasa masa tabarau ina 'yar shekara tara. Makanike ya maimaita tambayar a natse. Sai Yaya ya ce, "E." Aka rubuta a allo, aka tafa masa tafi na gaske.
Bayan taro mun tsaya a da'ira, kowa ya faɗi yadda yake ji a kalma ɗaya. Na ce, "Fitsari." Matar fasto ta yi dariya har da hawaye, ta riƙe hannuna ba ta saki ba. Allah ya saka wa mutanen nan.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Kira bakwai. Yaya bai ɗaga ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Yaya ya zo, wai duba mara lafiya. Ko kallona bai yi ba. Ya zauna ya buɗe babin tarbiyya da girmama na gaba, ni ina ƙasa kaina sunkuye. Can sai Baban yara ya ɗauki cokali ya buga a kofin shayi. Ƙil!
Na ce yau mun shiga uku. Sai kafaɗun Yaya suka fara rawa, ya yi ta dariya har da tari.
"Auta, tsakaninki da Allah, minti ukun ya cika?"
"Na ƙara maka daƙiƙa goma, Yaya."
Ya ce ai ya sani, yana duba agogonsa. Wannan kam kada Siririya ta ji.

Juma'a, 2 ga Mayu
Lamba tara ta zo. Shida da kwata, da ƙararta da komai. Mai shara ta riƙe mana kujerar gaba.
Gobe zan leƙa wata mata a layin bayan kasuwa, kwata ce ke shigar musu ɗaki. Ba layinmu ba ne, ba abin da ya shafe ni. Rabin awa ne kawai.
A cikin bas ɗin na sami kaina ina ƙirga kawuna, alhali ba wanda ya sa ni. Talatin da ɗaya. Na san sunan goma sha tara. Ni fa don mutum ɗaya na shiga abin nan, ga shi yana gyangyaɗi a kafaɗata.