Ka Roƙi Injin Kawunka

Zuwa ga ɗana Waisale,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Brisbane, kai da matarka. Ubangiji ya tsare ku. Mu nan ƙalau, in ban da gwiwata da ta riga ni tsufa. 'Yarka Litiana har ta kere ni tsawo.

Ka zauna tukuna, don maganar ta hana ni cin abinci. Mawaƙan nan da yara ke haukacewa a kansu za su yi wasa a garin Savusavu ƙarshen wata. Malama Vasemaca, mai koyar da lissafi, da ta ga hankalin ajinta ya riga ya ƙetare teku, sai ta raba musu aiki a kan wasan: wasu su ƙirga bugun ganga a minti, wasu su auna filin. Litiana aka ba lissafin jirgin ruwan kawunka Sakiusa, wanda zai kai mutanen ƙauye. Ta ari sikelin auna kwakwa, ta bi gida gida tana ɗora masu tafiya. Gwaggonka Makereta ta ce sai dai a auna gawarta, ita ba buhu ba ce. Daga baya ta hau, allurar sikelin ta nemi gudu. Har da ni a masu dariya.

Litiana ta dawo ba ta dariya. Jirgin na mutum goma sha takwas ne, masu tafiya talatin da ɗaya, ban da gwaza da alade. Ka san kawunka: duk wanda ya roƙa ba ya iya ce masa a'a, kuma gidaje yake ƙirgawa, ba kawuna ba. Da malamar ta kai masa takardar lissafin, ya ce gida bakwai kacal ya ɗauka, wai yaushe fensir ya fara tuƙa jirgi, Litiana ta bari ta iya gasa kifi tukuna. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma wannan karon yarinya ce ta hango, mu muna ƙasa. Kuma ta mashigar duwatsun nan za su bi, inda teku ta riƙe mahaifinka. Litiana ta rantse ba za a bar ta a baya ba.

Ni ba na iya tunkarar ɗan'uwana da magana, al'ada ta ɗaure min baki. Amma kai vasu ne, wato ɗan 'yar'uwarsa, kuma a al'adarmu abin da ka miƙa wa hannu a gidansa naka ne. Tun da aka haife ka ko kaza ba ka ɗauka ba. To, ka buga masa waya ka roƙi injin jirgin, a cire a kawo ɗakina har wata ya mutu. Roƙo ne ya cika jirgin nan, bari roƙo ya hana shi tashi.

Ka gaida matarka Ilisapeci da ƙaninka Apenisa. Na share wa injin wuri kusa da tabarmata.

Mahaifiyarka,
Unaisi