Minti Ukun Da Modu Ya Kasa Jira

Gashuwa, daren Laraba

Har yanzu hannuna ƙarnin kifi yake yi, raina kuma bai huce ba.

Wata biyu na yi ina haɗa na'urar nan ta ɗakin sanyin Alhaji. Har Nguru na je na karɓo 'yar ƙwaƙwalwar na'urar da aka aiko mini ta jirgin ƙasa. Aikinta ɗaya ne. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, agogon cikinta zai fara ƙirge, sai ƙirgen ya zo daidai da lambar da na sa mata sannan ta saki wuta zuwa injin sanyi. Minti uku kacal, don iskar injin ta lafa.

Yau da azahar aka kawo wuta ina masallaci. Modu, ƙanin matar Alhaji, ya ji shiru, sai ya yanke hukuncin na'urar ta mutu. Ya ɗauko waya ya tsallake ta. Injin ya yi gurnani ya ƙone, ga kifin mutane cike da ɗaki.

Ko kunya babu ya ce, "Alhaji, na'urar Malam Isa ce ke barci, ni taimako na yi."

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ai da ka rage mata jinkirin nan."

Na gwada ta, lafiyarta ƙalau.

Mutumin da ke share awa biyu a teburin mai shayi ne ya kasa jiran minti uku. Sabon inji sai daga Kano, kwana goma aka ce. Sai ya ɗauko wayarsa ya tsallake wannan mu gani.