Hantar Yaya Ousmane

Yamai, 3 ga Maris

Ƙanwata Zeinabou,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin jinya a Damagaram? Mu nan lafiya, sai ɓacin rai. Kasalar da kika dame ni a kanta ta kai ni wurin dokotoro. Ya ɗora mini na'ura a ciki, ya ce hantata ta tara kitse, har ta fara tauri irin ta mashaya giya. Ni da ko warinta ban sani ba. Shekara talatin ina sayar da itace a kasuwar Katako, ba wanda ya taɓa jifana da wannan magana. Ya ce in koma a ƙara dubawa. Ba zan koma ba.

Ki gaida maigidanki.
Yayanki, Ousmane

Damagaram, 10 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam, da fatan matarka Anti Zuwera da yara suna lafiya. Ba zaginka ya yi ba. Sukari da maiƙon da jiki ya kasa ƙonawa, hanta ce ke mayar da su kitse ta ajiye. In ya yi yawa sai ta kumbura, ta yi tabo, wani lokaci tabon ya zama ciwon daji, ko mutum bai taɓa shan giya ba. Ka tuna Baba, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, muka ce sammu ne. Tun da na fara aikin nan nake zargin hanta ce, na kasa faɗa muku. Don Allah ka koma.

Ƙanwarka, Zeinabou

Yamai, 2 ga Mayu

Zeinabou,

Gaisuwa mai yawa. Kwana uku na yi ina fushi da ke, a na huɗu Zuwera ta karanta takardarki ta ɗauko mini takalmi, na koma asibiti. An ga ƙulli a hantar, bai kai goro ba. Dokotoro ya ce, "Alhaji, ka zo da wuri, wannan yana ciruwa." Ranar Talata za a yi aikin. Ina jin tsoro, ke kaɗai na gaya wa.

A sa mu a addu'a.
Ousmane

Yamai, 20 ga Yuli

Zeinabou,

Assalamu alaikum. An cire ƙullin, alhamdu lillahi, awon jiya ya yi kyau. Kullum da safe ina tafiya da ƙafa daga unguwar Kirkissoye har gadar kogi. Ban saba gode wa na ƙasa da ni ba, ban ma san yadda ake farawa ba. Na gode, Zeinabou. Allah ya ba ki masu jin ƙanki.

Yayanki, Ousmane