Zuwa ga Bitrus Mai Walda, Kan Garmarmu ta Doki

Birnin Tsaba, ƙasar Zurmi.

Abokina Bitrus,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na tsaya a nan na daɗe da biro a hannu, don abin da aka saba rubutawa bayan gaisuwa shi ne fatan kana lafiya, kai kuwa ka wuce inda ake tambayar lafiya. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu direban da zan ba ya kai maka. Amma yau kwana tara da Isa mai motar shanu ya tsaya a ƙofar maƙerata ya shaida mini cewa ka rasu tun cikin bazara, can garin iyayenka bayan Kafanchan, bayan jinyar wata biyu. Tun ranar nake ta yi maka magana a zuci, ina bugun ƙarfe ina yi, ina alwala ina yi. Na ga gara in zauna in rubuta, ko da da wannan rubutu nawa na yaƙi da jahilci da kake yi wa dariya.

Bari in fara da labarin gida. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fitar da kai, dawa tana biye da shi. Matata Hajara tana nan, ƙafar ce dai ke damunta in an yi ruwa. Da na faɗa mata rasuwarka, ta ajiye muciya ta shiga ɗaki, da ta fito kuma ba ta tambaye ni komai ba sai halin da matarka Rifkatu take ciki. Shagonka na Ƙaura yanzu wani mai injin niƙa ke ciki. Ya yi wa bango farar ƙasa, amma tabon wutar walda yana nan a daɓe. Ranar kasuwa nakan bi ta wani titin don kada in wuce ta ƙofar.

Ka tuna yadda muka fara aikin garmarmu? Shekarar da aka ba mu jiha ce ciwon huhu ya kashe mini shanun huɗa duka biyu cikin mako guda. Abin da ya rage mini sai Bidi, dokin da mahaifina ya bari. A kasuwar Shinkafi na ji wani mutumin Jangeru yana ba da labarin cewa can tsallaken iyaka ya ga ana noma da doki. Na dawo gida na ɗaura wa Bidi garmar shanu da igiya a wuya. Bai yi taku ashirin ba ya fara tari, idonsa ya yi ja, ya tsaya yana rawar jiki. Mutanen gari da ke wucewa suka ce ƙira ta taɓa mini kai, doki na hawa ne, ba na noma ba. Washegari na ɗora garmar a mota na kawo maka Ƙaura, wai ka rage mata nauyi kawai.

Kai ne ka fara faɗa mini abin da ni ɗan gidan doki ban taɓa lura da shi ba, cewa sa da wuya yake ja, doki kuwa da ƙirji. Ka ce sa yana tafiya a hankali da ƙarfi mai yawa, doki yana tafiya da sauri da ƙarfi kaɗan, don haka kada mu nemi doki ya yi huɗa. Mu bar masa noman tsakanin layi, firi da maimai, wato noman farko da na biyu, inda ba a bukatar kifar da ƙasa, sai dai a yanke ciyawa daga ƙarƙashi. Ka ɗauki alli ka durƙusa ka zana a daɓen shago. Ni ban iya karatun zane ba, da taƙi da kamu nake awo, kai da tef. Rabin ranar ta tafi wajen gardamar taƙina nawa ne a tef ɗinka.

Wata uku muka yi a kanta. Kai ka haɗa jikin da bututun ƙarfe mara nauyi, ka yi shi yana buɗewa yana rufewa kamar almakashi, da ramuka a jere, don a faɗaɗa shi a gonar gero a tsuke shi a gonar gyaɗa. Ni na ƙera haƙoran guda uku da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ɗaya a gaba biyu a baya. Sau huɗu kana mayar mini da su. Ka ce bakinsu ya cika tsayuwa, za su nutse su tsinke saiwar gero, a kwantar da su su riƙa shiga yatsa uku kawai. Na ji haushi, don tun kakana ake ƙira a gidanmu, ga wani mai walda yana koya mini kwanciyar baki. Amma na koma na kwantar da su, kuma da muka gwada a jigawar bayan gari, ciyawa ta riƙa faɗuwa kamar an aske ta.

Sauran duk dabararka ce. Tayar baro a gaba don tsare zurfi. Ramuka uku a goshin garma inda ake maƙala sarƙa, na sama in ana son ta nutse, na ƙasa in ƙasar ta yi laushi. Abin ƙirji da ka yanka daga tsohon bel ɗin inji, Hajara ta ɗinke masa fatar rago daga ciki don kada ya ci masa jiki. Da wannan guntun itace mai lilo a bayan doki, wanda igiyoyin biyu ke kamawa, yana bin motsin kafaɗunsa dama da hagu. Na ce maka ado ne kawai. Ka cire shi ka ce mu gwada haka nan. Kafin azahar kafaɗar Bidi ta saɓule. Ka mayar da shi kawai.

Ranar da ƙanena Lawali ya ja linzami na riƙe hannuwan garma muka nome gonar bakin rafi kafin rana ta take, gonar da takan ci mana kwana huɗu da fartanya, kana tsaye a gindin gawo da hularka ta kaki kana dariya. Waɗanda suka ce na taɓu suna kan hanya sun yi cirko-cirko. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar ba.

To ga abu na farko da ban faɗa maka ba. Kowane haƙori ka riƙe shi da abu biyu, noti a sama, turken itace a ƙasa. Ka yi mini bayani har sau biyu cewa turken an yi shi ne don ya karye. In haƙori ya ci karo da dutse ko saiwa, turke ya karye, haƙori ya lanƙwashe baya, doki ya wuce lafiya, sai a fiƙe wani a sa. Na ce to. Amma a raina na ga abin kunya ne a ce garmar da ta fito daga hannun maƙeri tana da itace a gaɓarta. Mako biyu ban cika ba na zare su na ƙera na ƙarfe na buga. Da ka tambaye ni daga baya ko turakun suna yawan karyewa, na ce maka ko ɗaya bai taɓa karyewa ba. Ka yi murna, ka ce ashe ƙasarmu ba ta da duwatsu. Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da na yi.

Damina uku ba abin da ya faru. A ta huɗu, bayan ka tafi, muna maimai a sabuwar gonar da na sare, haƙorin dama ya kama kututturen kirya da ke binne. Bidi yana cikin sauri. Babu abin da ya karye a jikin garma, Bitrus, ko ɗaya. Dokin ne ya durƙusa kan gwiwoyinsa, hannun garma ya doke ni a haƙarƙari har na kasa numfashi. Ni na warke cikin wata guda. Shi kafaɗarsa ta goce, mai ɗori ya yi iyakar yinsa, bai ƙara ja ba, bai ƙara ɗaukar kowa ba. Ya yi shekara yana ɗingishi a bayan gida yana kallona in na fita da garma da dokin Lawali, sannan ya mutu. Ran da na iya tashi daga tabarma, abin da na fara yi shi ne fiƙe turakun itace. Na so in aiko maka da labari. Me zan ce? In ce ka yi gaskiya, alhali ba ka ma san na saɓa maka ba?

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Lokacin da aka kafa Shari'a na yi murna, ba zan ɓoye maka ba, har yau kuma ina yi. Ina cikin waɗanda suka hau bayan babbar mota zuwa Gusau. Kai ma ba ka taɓa zagin abin a gabana ba. Amma jita-jita ta yi yawa a unguwarku, dangin Rifkatu suna ta aiko da takardu ku dawo gida, labarin tashin hankali yana zuwa daga wasu garuruwa. Wata Talata ka hau babur ka zo har Birnin Tsaba. Muka ci tuwo a zaure. Akwai mutum biyu na unguwarmu zaune tare da mu, masu zafi a kan lamarin a lokacin. Ka wanke hannu, ka dube ni, ka tambaye ni ko a ganina ka zauna ko ka tafi.

Na san abin da kake so ka ji. A Ƙaura aka haife ka, mahaifinka ya tsufa yana aikin jirgin ƙasa a garin, Hausarka ta fi yaren iyayenka, har da irin tamu ta Zamfara da kake kwaikwayona da ita. Ba shawara ka zo nema ba. Ka zo ne ka ji mutum ɗaya ya ce maka nan ne gidanka. Ni kuwa na saci kallon mutanen nan biyu, na ji tsoron abin da za a faɗa a kaina a ƙofar masallaci, na ce maka kowa shi ya san abin da ya fi masa. Ka yi murmushi, ka ce haka ne. Ka tambayi lafiyar Bidi, ka leƙa ka shafa masa wuya, ka tafi kafin la'asar.

Ranar da kuka loda kaya na sani. Isa ya faɗa mini tun ana saura kwana biyu. Na ce ina da aikin gatura da za a karɓa. Gatura, Bitrus. Hajara ce ta aika wa Rifkatu da daddawa da kuka ta hannun Isa, ni ko saƙon baki ban bayar ba.

Abin da ke cina shi ne, da yawa daga mutanenku ba su tafi ba. Suna nan. Mai gyaran rediyo na kusa da kai yana nan, matar da ke sayar da magani tana nan, ranar Lahadi ana jin waƙarsu daga bakin titi. Da na buɗe baki na faɗi kalma ɗaya, da kana cikinsu? Da ciwon ya same ka a nan, kusa da mutanen da suka san ka, ba can inda Isa ya ce har ka rasu ana kiranka Bahaushe ba? Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ko a ina mutum yake. Na yarda da wannan. Amma bai hana ni tambaya ba. Addinina bai hana ni riƙe maƙwabci ba, umartata ma ya yi. Tsoron bakin mutane ne ya hana ni, kuma ba zan jingina wa addini abin da yake nawa ba.

Garmar tana nan tana yaɗuwa. Na ƙera goma sha ɗaya bayan tafiyarka, jikin nakan kai wa wani mai walda a Zurmi, yana bin naka sawu da ƙafa. Akwai biyu a Katuru, akwai wadda aka tsallaka da ita iyaka. Wani ya sa wa jakai biyu, ta yi. Na ƙara mata abu ɗaya, ƙaramin fiffike a haƙoran baya da ke tura ƙasa gindin shuka lokacin maimai. Ina jin da ka gani da ka ce ya cika nauyi, mu yi ta gardama har rana ta faɗi. Mutane suna kiranta garmar Sani. Da nakan yi shiru in ji daɗi. Yanzu duk wanda ya zo saye sai na zaunar da shi na faɗa masa wanda ya zana ta, ko yana sauri.

Na tambayi kaina irin addu'ar da zan yi maka, ni Musulmi kai Kirista. Ba ni da ilimin da zan yanke wannan. Abin da na iya shi ne na ɗaga hannu na shaida wa Allah abin da na sani, cewa shekara goma sha biyu ina hulɗa da kai ban taɓa kama ka da ha'inci ba, ba ka taɓa walda a kan tsatsa ka rufe da fenti ba, kuma ka ji tausayin dabba fiye da mai ita. Sauran na bar wa wanda ya halicce mu duka.

Da an gama yankan gero zan bi Isa. Ban taɓa wuce Zariya ba a rayuwata. Hajara ta ce ƙafa ko ba ƙafa da ita za a tafi. Za mu kai wa Rifkatu gero buhu biyu daga gonar bakin rafi, in durƙusa in yi mata ta'aziyya, in faɗa mata abin da na faɗa maka a nan ba tare da na rage komai ba. In ta yarda, ta sa a nuna mini inda aka sa ka. Ban san abin da ake yi a bakin kabarinku ba. Zan dai cire takalmi in tsaya.

Ka yafe mini, abokina. Sai mun taru a gaban mai hukunci.

Ni ne naka,
Sani Maƙeri, Birnin Tsaba.