Rigar auren 'yata ta ƙi rufewa, sikeli yana hawa yana sauka

Anti Mero,

Don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da ba zan iya janyewa ba. Ban taɓa yarda a fitar da maganar gida waje ba, amma wannan ta fi ƙarfina, kuma duk wanda na faɗa wa a garin nan, kafin rana ta faɗi ta kai kasuwa. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

A Kafanchan nake. Maigidana ya yi ritaya daga reluwe, ni kuma ina sayo citta daga Kwoi, in shanya, in sayar wa masu manyan motoci. 'Ya'yana biyar, kuma ba mai cewa na yi sakaci da tarbiyyarsu. Babbar ita ce Roseline, malamar firamare, shekararta ashirin da huɗu, tana cikin mawaƙan coci. Bayan Kirsimeti za a ɗaura aurenta da wani yaro, Nicholas. Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ba ni da ƙorafi a kansa, sai dai yawan yawo da babur.

Uwarsa ta aiko mana da farar rigar da yayarsa ta yi aure da ita, ɗinkin Aba, mai leshi har wuya. Karramawa ce, ba a mayarwa. Amma yayar tasa siririya ce, Roseline kuwa dangin ubanta ta ɗauko, mai jiki ce tun tana ƙarama. Da muka gwada, zif ya tsaya a tsakiyar baya ya ƙi wucewa.

Na san za ki ce a kai wa tela ya faɗaɗa. Anti, a nan ba a faɗaɗa rigar amarya. In aka ga an kwance ɗinkin kugu, fassara ɗaya ce, ciki ne. Mace ɗaya ce ma a unguwarmu ta iya taɓa irin wannan leshi, Emilia, kuma shagonta a bakin hanyar kasuwa yake, kullum cike da mata. Ga shi ina cikin kwamitin Zumuntar Mata ta cocinmu da ke shirya amare. Mu ke sa musu riga, mu ɗora musu lulluɓi. Dokar ekklesiyarmu a fili take: amaryar da ta zo da ciki ba farar riga, ba lulluɓi, sai horo da zaman bencin baya. Bara ni ce na tsaya kai da fata a kan 'yar wata abokiyar zumuntarmu, har aka ɗaura auren a ofishin fasto da atamfa. Ban yi nadama ba, gaskiya na bi. Amma uwar yarinyar tana nan, layi ɗaya muke zama a coci, kuma na san abin da take jira.

Saboda haka na ce wa Roseline ba za a taɓa riga ba, ita ce za ta rage jiki. Tun watan Satumba na hana ta tuwo da doya da duk wani abin mai. Da safe ruwan zafi da lemun tsami, da rana gwaten acca rabin kwano, da yamma ganye. Kowace Asabar in na sallami masu dako, sai in rufe ƙofar sito in ɗora ta a kan sikelin da nake auna buhunan citta.

Da farko na gode wa Ubangiji. Allurar sikelin ta sauka, ta ƙara sauka. Sai wata Asabar na ga ta hau kusan kilo biyu. Na sauke ta, na ɗora buhun da na san nauyinsa, sikeli lafiyarsa ƙalau. Na dube ta, fuska ta kumbura, zoben alkawari ya ƙi fita daga yatsa, ƙirji ya ciko, mara ta fito. Da na bincika sai ƙanwarta ta tona. Ashe a wannan makon tana tsayawa a ƙofar makaranta ta sayi fanke da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama mai gishiri da yaji, har burodi take dangwalawa a madarar gwangwani. Na yi mata faɗa sosai. Na ce mata kwaɗayi zunubi ne kamar kowane zunubi, kuma macen da ba ta iya kame bakinta ba, ban san me kuma za ta iya kamewa ba. Ta yi ta kuka, ta ce yunwar ba irin ta kullum ba ce, kamar ana jan ta da igiya. Bayan 'yan kwanaki ta kwanta da ciwon mara, ba ta je koyon waƙa ba. Asabar da ta biyo baya allura ta dawo ƙasa, har ta fi da. Na ce to, faɗana ya yi amfani.

Wata mai zuwa abin ya maimaita kansa, daidai yadda ya faru. Kumburi, kwaɗayi, fushi ba dalili, har ta ɗaga wa ubanta murya a kan rediyo. Na ƙara tsanantawa. Na cire gwaten rana, na bar mata ruwan lemu da ganye. Shugaban makarantarsu ya aiko mini cewa jiri ya ɗebe ta a gaban allo, na ce a ba ta ruwa.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Wannan watan kumburin ya zo ya zauna, kuma ƙyallayen da take shanyawa a bayan ɗaki duk wata, ban gan su ba. Lokacinsu ya wuce. Anti, ciki biyar na ɗauka, na san yadda ƙirji ke cikowa, na san kwaɗayin gishiri. Sai na tuna a watan jiya Nicholas ya ɗauke ta a babur zuwa Kagoma gaida kakarta, suka yi yamma, wai taya ce ta fashe. Tun daga nan nake haɗa wannan da wancan. In na je Kwoi hankalina yana gida. In na dawo gida in buɗe akwati in duba rigar, in mayar, in sake buɗewa. Jiya na auna ta sau biyu, kafin ta tafi makaranta da bayan ta dawo, ta hau sikelin, ko kallona ba ta yi ba.

Ban tambaye ta ba. A gidanmu ba a irin wannan magana, uwata ba ta yi da ni ba, ban san ta inda zan fara ba. Ubanta ya ce in ƙyale yarinya ta ci abinci, ya juya ga rediyonsa.

Lahadi mai zuwa za a fara shelar aure a coci. Na yanke shawara in je wurin dattawan ekklesiya da kaina kafin wata ta riga ni, don kada a ce na auna 'yar wani da mudu ɗaya, tawa da wani. Amma ƙafata ta ƙi tafiya. Ki gaya mini gaskiya, mutum zai iya cin ganye nauyinsa ya hau? Kwaɗayi ne, ko ƙarya take mini, ko abin da nake tsoro ne?

Uwar da ta rasa sukuni,
Kafanchan

*

Maman Roseline,

Kada ki je wurin dattawa. Wannan na fara faɗa, don in ba ki karanta komai ba, ki karanta shi. Abin da ke hannunki zato ne, kuma zaton da uwa ta furta a gaban dattawa ba ya gogewa, ko da asibiti ta wanke yarinya daga baya.

Amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki. Ki sake dubawa: kumburi, kwaɗayi, fushi, sai ciwon mara, sai allura ta sauka. Sau biyu a jere, wata da wata. Ba faɗanki ne ya sauke nauyin ba, al'adarta ce ta zo. A makon da ya gabaci jinin al'ada, jikin mata da yawa yana riƙe ruwa. Ƙirji ya ciko ya yi tsami, mara ta kumbura, zobe ya matse, wata ma bayan gida ya yi mata wuya. Kilo ɗaya ko biyu da kike gani ruwa ne, ba kitse ba, kuma in jini ya fara zuwa yana tafiya da kansa. Ke mai citta ce, kin san ɗanya da busasshiya ba nauyinsu ɗaya ba, alhali cittar ita ce dai.

Yunwar ma gaskiya ta faɗa miki. A wannan makon jiki yana neman abinci fiye da kullum, musamman zaƙi da gishiri da maiƙo. Macen da ke ƙoshi ma tana jin haka, balle wadda ta yi makonni a kan ganye da lemun tsami, tana tsaye gaban yara tun safe. Fanken da ta saya ba lalacewar tarbiyya ba ne. Kalmar da kika gaya mata, cewa ba ki san me kuma za ta iya kamewa ba, ta yi nauyi, kuma ina zaton ita ce ta sa ta daina kallonki.

Saura jinkirin wannan watan. Daga nan inda nake ba zan rantse miki cewa ba ciki ba ne, alamun farkon ciki da na gabanin al'ada suna kama da juna, shi ya sa suka ruɗe ki. Amma ki sani, yunwa mai tsanani da tashin hankali suna jinkirta al'ada, har su ɗauke ta gaba ɗaya. Yarinyar da jiri ke ɗiba a aji ta kai wannan matsayi. Mai yiwuwa ne abin da kika gani kika tsorata, tsarin abincinki ne ya jawo shi.

Na fahimci tsoronki. Kin tsaya a kan doka a gaban jama'a, ba kya son a ce kin yi son kai, kuma wannan ba abin raini ba ne. Amma adalci bai ce ki kai ƙarar da ba ki da shaida a kanta ba. A kwamiti ke mamba ce, akwai wasu. A wurin Roseline uwa ɗaya ce.

Yau ki dafa mata abinci na gaske, tuwon acca da miyar ganye da wake ko kifi, ki zauna ku ci tare. Sannan ki tambaye ta, ku biyu, da murya ƙasa. Kin ce ba ki san ta inda za ki fara ba. Ki fara da gaya mata cewa kin tsorata. In ita ma ba ta san dalilin jinkirin ba, ku je asibiti a gwada fitsari, abu ne mai sauƙi, a duba jininta kuma saboda jirin. In ciki ne, za ku fuskanci coci tare, ita ta yi magana da bakinta kina gefenta. In ba shi ba ne, kin tsira daga zubar da mutuncin 'yarki da hannunki.

Sikelin citta kuwa a bar wa citta. In tana son rage jiki don kanta, ta ci sau uku, ta rage mai da sukari, ta riƙa tafiya a ƙasa. A makon kumburi ta rage gishiri da magi, ta sha ruwa sosai, in kwaɗayi ya taso ta ci ayaba ko lemu ko gyaɗa kaɗan ba tare da jin ta yi laifi ba. Awo sau ɗaya a wata ya isa, bayan al'ada ta ɗauke. Kuma ku lissafa inda ranar aure za ta faɗa. In a makon kumburi ne, ko da rigar ta rufe yau, ba za ta rufe ranar ba, duk yunwar da aka sha.

Shi ya sa dole a faɗaɗa rigar. An ɗinka ta ne don jikin wata. Ki gaya wa uwar Nicholas, ita ma ta san 'yarta siririya ce. Sannan ki ɗauki rigar da kanki, da rana tsaka, ki kai wa Emilia lokacin da shagon ya cika, ki ce 'yarki mai jiki ce kamar gwaggwanninta, a ƙara mata a kugu. Za a yi magana, na sani. Masu lissafi su yi ta lissafin watanni, watannin za su ba su amsa. Kuma in ke da kowa ya san tsananinki kika yi haka, amaryar da za ta biyo baya ba za ta sha lemun tsami ba.

Allah ya ba Roseline lafiya, ya sanya albarka a aurenta, ya kwantar miki da hankali. Ina fatan ranar nan hannunki ne zai ja zif ɗin har sama, ita kuma tana numfashi sosai a ciki.

Anti Mero