Layin Ɗakin Hoto

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗa dai ba ta rage ba. Abban yara yana shagon ɗinkinsa kullum. Auta ce ba lafiya, kuma saboda ita na zauna rubuta miki wannan, zuciyata ba daɗi.

Kin tuna aikin zuciyar da aka yi mata tana shekara huɗu. Tun a lokacin likita ya ce irin wannan aiki yana sa jini ya riƙa taruwa a hanta, don haka duk shekara sai an ɗauki hoton cikinta. Mun yi ta zuwa har ta kai sha uku. To, ɗakin hoton ɗaya ne da na masu juna biyu, benci ɗaya, layi ɗaya. Wata rana muna zaune sai ga matar mai walda ta unguwarmu, ta dube ni, ta dubi Auta, ta tambaya cikin dariya wai wacece a cikinmu za a yi wa barka. Yaya, ban tsaya an kira mu ba, na ja hannun yarinyar muka fito. Daga nan duk takardar hoton da likitan zuciya ya ba ni, ninke ta nake yi in tura ƙasan akwati, in ce wa Abbanta an duba, lafiya lau. Shekara huɗu ina wannan wauta.

Watan jiya cikinta ya fara kumbura, siket ya daina shigarta. Ranar Talata muka koma da safe, ba ta ci komai ba kamar yadda suka ce. Mai ɗaukar hoton wata dattijuwa ce mai gilashi. Ta shafa mata man nan mai sanyi, ta ɗora na'urar a ƙasan haƙarƙarinta na dama, tana cewa ta ja numfashi ta riƙe. Da farko tana tsokanarta, daga baya ta daina, ta daɗe tana auna wuri ɗaya. Likita ya shigo ya nuna mini allon, ya ce hantar ta yi tauri, gefenta ya yi gudaji-gudaji, saifa ta girma, ruwa ya taru a ciki. Akwai kuma wani ƙullutu kamar kan babban yatsa, sai an shiga da ita babbar na'ura mako mai zuwa kafin a san ko mugu ne. Ya ce da an gani da wuri, da an san abin yi tun kafin ruwan ya taru.

Sai ya buɗe fayil ya tambayi dalilin da ba a zo ba shekara huɗu. Auta tana kwance, man yana jikinta ko gogewa ba a yi ba, ta ce ita ce ta ƙi zuwa, wai tsoron na'urar take ji. Haka ta maimaita wa Abbanta a gida, ta ƙara da cewa ita ta roƙe ni in ɓoye masa, ya yi mata faɗa har ta yi kuka, ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Kunyar kaina nake ji, Yaya, kuma tsoro ya cika ni. Gobe idan ya dawo daga shago zan faɗa masa gaskiya, ko me zai biyo baya. Ba zan bari a shiga da ita na'urar nan tana ɗauke da laifina ba.

Ki sa ta a addu'a, kuma kada Inna ta ji tukuna. Ki gaida maigidanki, da Goggo, da Dogo da 'Yar Lele.

Ni ce ƙanwarki,
Maman Auta