Taliyar kabewa zuwa Rillieux

Litinin, 13 ga Oktoba

Amine ya kira ni ina wurin aiki, ina tsakiyar mayar da littattafan da ɗalibai suka watsar kamar kaji sun yi tono. Surukina ne, amma gaisuwarsa ba ta wuce numfashi ɗaya. Wai ranar Lahadi 26 ga wata za su yi ɗan cin abinci a gidansu a Rillieux, gefen Lyon, saboda lokacin kaka ya shigo. Mutanen da ba su taɓa shuka ko albasa ba!

Wata biyu ke nan ƴar farin tawa ba ta kira ni ba. Yau ma miji ta turo.

Ya ce, "Hajiya, Raliatou ba ta iya cin komai. Mai, nama, daddawa, duk sai ta mayar. Taliyar kabewa ta mamana kaɗai ke zama a cikinta." Shi ya faɗi sunan, ni kwafewa kawai na yi.

Na ce ya gaya wa maman tasa, Madam Josiane, ta huta, ni zan kawo taliyar. Ya ce, "Kin iya?" Na ce tun uwarsa ba ta san hanyar kicin ba nake murza taliya a Damagaram.

Ban taɓa ganin taliyar kabewa da idona ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Bari in rubuta abin da ya faru a Agusta, ko zai daina yi mini yawo a ka.

Ta kira ta ce, "Maman, ina da ciki." Ni kuwa me zan ce? Ƴar fari ce. Uwa ba ta kama sunan ƴar fari, balle ta zauna tana taɗin cikinta kamar ƙawa. Na ce, "To, madalla. Ana ruwa a Lyon?" Sai ta kashe wayar.

Na yi raka'a biyu na gode wa Allah. Na yi kuka har ido ya kumbura. Wannan ba ta gani ba, kuma ba abin da za a nuna mata ba ne.

Haihuwa a Janairu. Ko a garin wa, uwa ce ke zaman jego, ta dafa ruwa, ta dama kunu, kwana arba'in. Amine ya ce mini jiya, cikin ladabin nan nasa mai ban haushi, "ba a yanke shawara ba tukuna" a kan wadda za ta zo ta zauna. Ba a yanke ba! Ana auna ni da Madam Josiane a sikeli kamar tumatir.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na hau hawa na huɗu wurin Hajiya Maimouna aron injin taliya. Tun daga Maradi ta zo da shi, an ɗaure hannunsa da waya. Ta ce, "Malama, kabewa ai ta taushe ce. Wa ya taɓa zuba miya a cikin tuwo tun a tukunya?" Na ce Turawa. Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Ki kira yarinyar nan ki ce mata barka, ki huta da wahala." Na ce injin na zo ara, ba wa'azi ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Kasuwar Barbès, nan Paris. Na zaɓi kabewar da ta fi kowace girma, ja jawur, sai da na rungume ta da hannu biyu. Mai sayarwa ya tambaye ni ko yara ne za su sassaƙa mata fuska irin na wasan Turawa. Na harare shi. Ina da digiri biyu, ba na buƙatar ɗan kasuwa ya koya mini kabewa.

Na fere, na yanka, na dafa a ruwa kamar yadda kowane mai hankali ke dafa kabewa. Na dama, na zuba garin alkama da ƙwai. Ƙullun ya sha kilo ɗaya. Na ƙara. Ya sha na biyu yana neman na uku, yana manne wa hannu, da tebur, da gefen zanena. Na tura a inji, ya fito ta ko'ina ban da inda ya kamata.

Ɗan abin da ya yi kama da taliya na dafa shi minti goma sha biyar, irin tamu. Kunu na sauke. Kunu mai ruwan ɗorawa, ba gishiri ba zaƙi.

Na zauna a ƙasan kicin na zagi kabewa, da Italiya, da duk wanda ya fara wannan bidi'a.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Hannu ba ya ɗaguwa. Akwai ƙullu har a kan makunnin lantarki.

Talata, 21 ga Oktoba

Wurin aiki na je sashen littattafan girki, wanda shekara goma sha bakwai nake wuce shi ina taɓe baki. Na tsaya a bayan kanta kamar ɓarauniya na karanta uku.

Ashe waccan ƙatuwar ta ado ce, ruwa ne zalla. Akwai wata ƴar ƙarama mai kauri, potimaron, ita ake so. Kuma ba a dafa ta a ruwa, gasawa ake yi a fur, murhun gashin burodi, har ta tsotse. A sa ƙwanduwa, a murza, a bar ƙullun ya huta rabin awa. Ƙullu ma a ƙasar nan yana da hutu. Dahuwa minti uku.

Ɗan kasuwar yana da gaskiya. Ba zan koma teburinsa ba har abada.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ta yi! Wallahi ta yi. Na taso da wuri, na gasa, na murza, ƙullu ya fito sumul, launin kwaɓin gwaiduwa da manja. Injin Hajiya Maimouna yana kuka yana fitar da ita zara-zara. Na dafa kaɗan na ci da man shanu a tsaye. To. Ba laifi. Ba zan ce ta fi tamu da mai da yaji ba, amma na gane abin da cikin yarinyar ya gani.

Littattafan sun ce a ci a ranar, ko a sa a firiza. Shirme. Taliya shanya ta ake yi. Na ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofar banɗaki na rataye ta duka, kamar yadda Inna ke yi a tsakar gida. Falo ya koma kamar shagon masu rini.

Madam Josiane ta shirya.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ruwa tun safe. A gida da azahar ake shanyawa, kafin la'asar ta bushe ƙayau. A nan kwana guda tana lilo. Ranar Paris ko hankici ba ta busarwa.

Da yamma na taɓa, waje ya yi ƙarfi. Na naɗe ta a leda biyu, na ɗaure tam don kada ta karye a jirgi.

Asabar, 25 ga Oktoba, Rillieux

Awa biyu a jirgin ƙasa na TGV da leda a cinya kamar jaririya, sannan bas daga tashar Part-Dieu.

Ita ta buɗe ƙofa. Ta rame a fuska. Sauran kuwa... na gani. Na gaida Amine, na tambayi aiki, na yaba labule. Na ce hawa na shida da nisa, Allah ya sa asansar ɗin da ke haurawa da mutane ba ya lalacewa.

Sai na kwance leda a kan tebur, ina taƙama.

Funfuna. Kore da fari, gashi-gashi, daga sama har ƙasa, ga wani tsami da ya tashi. Yarinyar ta toshe baki ta ruga banɗaki. Ina jin ta tana amai, ni ina tsaye da ledar a hannu. Na zo daga Paris takanas in sa ta amai.

Amine ya ce, "Ba komai, Hajiya, zan kira mamana." Na ce in ya taɓa wayar nan sai na koma tashar jirgi yanzu. Na sa shi ya kai ni kanti, na sayi potimaron biyu, gari, ƙwai. Babu inji a gidan. Kwalba za ta yi.

Ba ta fito cin abincin yamma ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, a jirgin komawa

Rubutun zai karkace, jirgi na girgiza.

Bayan asuba na gasa kabewa. Wajen ƙarfe tara ina murza ƙullu ta shigo da baƙar doguwar riga, ta ja kujera ta zauna, hannu a ƙugu. Ta daɗe tana kallona. Na ce gishirinsu ba ya da ƙarfi.

Ta ce, "Maman, kin ga labule. Kin ga asansar. Ni fa?"

Na ce ina da idanu.

"To ki faɗa."

Na ci gaba da murzawa. Na ce mata lokacin da na haife ta, Inna, da yake ni ma ƴar farinta ce, ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ko sau ɗaya. Amma kwana arba'in ita ke tashi kafin ladan ta hura wuta, hayaƙi na cin idonta. Na ce ban taɓa tambayar ko tana so na ba, don ni ba sakara ba ce.

Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, rabi Faransanci, "Ke kina da gwaggo, kina da inna ƙarama, kina da gida cike da mata. In Inna ta yi shiru, wata za ta rungume ki ta ce uwarki ba ta yi barci ba jiya saboda ke. Ni wa nake da shi? A Sevran na girma, gefen Paris, ni da ke da Baba, Baba kuma ya rasu. Ba wanda ke fassara mini shirunki. Shiru kawai nake ji."

Na karanta littattafai da harsuna uku. Amma yarinya ta kayar da ni da rabin Hausa. Haushi ya kama ni, na danna ƙullun nan kamar shi ya yi maganar.

Sai ta ce "ay", ta cafko hannuna, da garin da komai, ta ɗora a kan cikinta. Na so in janye, ta riƙe. Ƙarfi gare ta kamar ubanta. Abin ya harbe ni a tafin hannu. Ya sake. Sau uku.

Na ce, "Wannan ma ba shi da kunya. Irinku ne."

Ta yi dariya tana kuka, majina da komai. Ni tururin fur ne ya shiga mini ido. Ban san tsawon lokacin da hannun ya yi a wurin ba, ƙullu dai ya sami hutunsa har da ƙari.

Da kwalbar ruwa na shimfiɗa shi, ita tana yankawa da wuƙa, wani siriri wani kamar ɗamara. Madam Josiane ta iso da sha biyu, ƴar gajeruwa mai farin gashi, ta sumbace ni kunci biyu ba izini, ta kira ni "Huraira" gatsal kamar tare muka yi makaranta. Ta dubi shatin yatsu biyar na gari a kan baƙar riga, ta dube ni, ta yi kamar ba ta gani ba. Na ba ta maki ɗaya a nan. Ita ta narka man shanu da wani ganye wai soj. Da ta ɗanɗana ta ce, "Ta ɗan yi kauri." Na karɓe makina.

Yarinyar ta ci faranti biyu, kuma ya zauna. Na ƙirga lomar, ina yi kamar ina kallon taga.

Ba wanda ya ta da maganar Janairu. Ni ma ban roƙa ba. A bakin ƙofa ta ce, "Ki kira ni, Maman. Ke. Ba ni ba."

Talata, 28 ga Oktoba

Na mayar da inji. Hajiya Maimouna ta ce, "Yaya taliya?" Na ce ta yi funfuna. Ta yi dariya har ta riƙe bango. Ta ce, "Yarinyar fa?" Na ce tana nan. Ta ce, "Malama, ke dai akwai taurin kai." Tsohuwar nan ta cika shiga abin da ba ruwanta.

Na ɗauki waya sau biyu na ajiye.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Lokacin hutun rana na fita bayan laburare, inda masu shan taba ke tsayawa, don kada kowa ya ji. Na kira. Na tambayi Amine. Na tambayi sanyi. Na tambayi Madam Josiane ma, Allah ya gani. Tana ta "lafiya lau, lafiya lau," tana jira, ina jin jiran nata a kunnena.

Na ce, "Yaya... cikin? Yana barin ki barci?"

Kalmar ta fito kamar ƙaya. Na waiga ko akwai Bahaushe a kusa. Wani Bature ne kawai da sigarinsa.

Minti ashirin da biyar tana zuba. Ƙafa na kumbura, baya na ciwo, tana tsoron ranar. Na ce kowa na tsoro, ni ma na ji, har na ciji hannun ungozoma. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Wai mace za ta haifa. Ban tambaya ba, ita ta faɗa.

Ta ce in zo goma ga Janairu, amma kanapensu, doguwar kujerar da zan kwana a kai, ba daɗi, kuma ba za a dafa ta da tafasasshen ruwa ba sai abin da likita ya yarda. Na ce za mu gani. Ta ce, "Maman." Na ce to, na ji, mai ɗumi.

Na makara komawa, shugabar sashe ta dubi agogo. Na ce mata tunda ta ɗago kai, ta ba ni takardar neman konje, hutun sati shida. Ta ce lafiya? Na ce ƴata za ta haihu. Da ƙarfi na faɗa, har wani ɗalibi ya ce mini shhh.

Ba wai na sake hali ba ne. Ranar Lahadi zan sake kira, don kawai in ji ko ƙafar ta sace.